Masana'antar Shinkafa da Wuta Marar Hayaƙi a Kebbi: Tambayoyi da Amsoshi

Tun da dizal ya yi tsada, duk inda masu injin shinkafa suka haɗu a Birnin Kebbi ko Argungu ko Jega, hirar ba ta wuce wuta. Wani ya ce sola, wani ya ce buntu, wani ya ce a dai jira gwamnati. Ga tambayoyin da manoma, ma'aikatan masana'anta, ɗalibai da 'yan kasuwa suka fi yi a kan wannan batu, da amsoshinsu. An ɗauki kamfanin sarrafa shinkafa ne a matsayin abin dubawa, domin a jihar nan shi ne babbar masana'antar da ake da ita.

Wace irin wuta ce ake kira marar hayaƙi?

Wutar lantarkin da aka samar ba tare da ƙona dizal, fetur, kwal ko iskar gas ba, ko kuma aka ƙona kaɗan. Hasken rana, ƙarfin ruwa, iska, da ragowar amfanin gona irin su buntun shinkafa duk suna cikin wannan sahu. Abin da ake gudu shi ne iskar kabon da ke taruwa a sararin sama tana ƙara wa duniya zafi. Lita ɗaya ta dizal, idan ta ƙone, tana fitar da kusan kilo 2.7 na wannan iska, alhali wutar da take bayarwa a babban janareta ba ta wuce yunit 3 zuwa 3 da rabi ba.

Samar da wuta ba aikin gwamnati ba ne? Ina ruwan kamfanin shinkafa?

Ruwansa ya fi na kowa, don shi ne ya fi kowa sha. Gida mai ƙwai biyar da fanka biyu da firij, a yini guda, ba ya shan abin da injin goge shinkafa ɗaya ke sha a 'yan sa'o'i. A babbar masana'anta akwai injin tankaɗe datti, da na cire tsakuwa, da na ɓare buntu, da na gogewa, da na'urar da ke tsince baƙin ƙwaya, ga fanfunan ruwa, ga manyan fankokin busarwa. Duk waɗannan ba sa son a ɗauke musu wuta ko na minti ɗaya. Shanshera da aka jiƙa aka turara, in ba a busar da ita a kan lokaci ba, tsami take yi, launinta ya sauya, farashinta ya faɗi.

Shi ya sa kusan kowace masana'anta ta riga ta zama ƙaramar tashar wuta, sai dai tasha ce mai shan dizal. Tambayar ba wai kamfani zai samar da wuta ko ba zai samar ba ce, ai yana samarwa tuntuni. Tambayar ita ce da me zai samar, kuma shi kaɗai zai sha ko har da maƙwabta.

Masana'antun kuma ba ƙanana ba ne. Bayan da aka ƙaddamar da shirin bai wa manoma rancen noma na Babban Bankin Najeriya a Birnin Kebbi a watan Nuwamban 2015, noman shinkafa ya bunƙasa, injinan casa suka yawaita. Kamfanin WACOT ya buɗe masana'antarsa a Argungu a 2017, wadda aka gina don sarrafa tan 120,000 a shekara. Ga Labana a Birnin Kebbi, ga matsakaita da ƙanana birjik a garuruwa.

Ai wutar Kebbi daga Kainji take zuwa. Ba marar hayaƙi ba ce tun asali?

Akwai gaskiya a ciki. Madatsar Kainji, wadda aka kammala a 1968 da ƙarfin megawat 760, ruwa ne ke juya injinanta, kuma babban layi mai ƙarfin kilobolt 330 ya taso daga can kai tsaye zuwa Birnin Kebbi. Daga nan ne wuta ke wucewa Sakkwato, daga nan ne kuma wani layin ke tsallakawa zuwa Yamai a Jamhuriyar Nijar. Mutanen ƙasar Yawuri sun biya farashin wannan wuta da gonakinsu da tsibiransu, lokacin da tafkin ya cika aka tashi dubban jama'a daga garuruwan kakanninsu. Wannan ba abin mantawa ba ne idan ana maganar wa ya cancanci wuta a jihar nan.

Amma wutar Kainji ba ta Kebbi kaɗai ba ce. Tana shiga babban layin ƙasa ne ta gauraya da ta sauran tashoshi, kuma mafi yawan wutar da ke wannan layi daga iskar gas take. Na ruwa, wato Kainji, Jebba, Shiroro da sabuwar Zungeru, su ne 'yan tsiraru. Duk abin da ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200 ke rabawa yawanci tsakanin megawat 4,000 ne da 5,000 da 'yan kai. Daga cikin wannan ake yanka wa kamfanin rarraba wuta na Kaduna kasonsa, shi kuma ya raba wa jihohi huɗu: Kaduna, Kebbi, Sakkwato da Zamfara.

Sannan layin guda ne. Lokacin da gobara ta tashi a tashar wuta ta Birnin Kebbi a watan Satumban 2023 ta cinye manyan taransifomomi, ba Kebbi kaɗai ta shiga duhu ba, har da Sakkwato da wani ɓangare na Zamfara. A irin wannan rana, duk injin da ka ji yana aiki, dizal ne a cikinsa. Don haka hayaƙin masana'antunmu ba daga wutar NEPA yake fitowa ba, daga sa'o'in da babu ita yake fitowa.

Da gaske buntun shinkafa yana ba da wuta? Ta yaya?

Yana bayarwa ƙwarai, kuma ba sabon abu ba ne. A Indiya da Tailan an daɗe ana yi. Kamfanin Husk Power Systems, wanda ya kafa ƙananan tashoshin sola a jihar Nasarawa tun 2021, da buntu ya fara a ƙauyukan jihar Bihar ta Indiya, daga nan ma ya samo sunansa, don "husk" da Turanci buntu ne.

Hanya biyu ce. Ta farko ita ce ta tururi. Ana hura buntu cikin tanderu, ya tafasa ruwa a babbar tukunyar ƙarfe, tururin ya fito da ƙarfi ya juya injin da ke haɗe da janareta. Armashin wannan hanya ga mai shinkafa shi ne, tururin da ya gama juya injin bai mutu ba, yana da sauran zafin da zai turara shanshera ya kuma busar da ita. Ke nan buntu ɗaya ya yi aiki biyu. Yawancin manyan masana'antu sun riga sun mallaki tukunyar tururi mai cin buntu don turarawa, sai dai irin mai ƙaramin matsi ce, wadda ba ta iya juya injin wuta. Sauya ta da mai babban matsi shi ne babban kashin kuɗin.

Hanya ta biyu ta fi dacewa da matsakaitan injina. Ana zuba buntu a rufaffen tanderu a hana shi isasshiyar iska, maimakon ya ci da harshe sai ya rinƙa fitar da wata iska mai kama wuta. A tace ta, a sanyaya, a tura cikin injin janareta. Matsalarta baƙin danƙo ne mai kama da kwalta da ke biyo iskar. In ba a wanke matatun kullum ba, zai toshe bututu ya kashe injin cikin 'yan watanni. Injinan irin wannan da suka mutu a wurare da dama, ba don fasahar ƙarya ba ce suka mutu, rashin wanda zai kula da su ne.

A ganina duk masana'antar da ke turara shinkafa da yawa, hanyar tururi ta fi mata. Ta fi tsada a farko, amma makanikanmu sun riga sun san tukunyar tururi, kuma abin da ma'aikaci ya sani shi yake iya gyarawa da tsakar dare.

Nawa ne za a iya samu? A ba mu lissafi.

Kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin shanshera buntu ne. Wato tan ɗaya na ba da kilo 200. A ƙananan na'urori, wajen kilo 2 na buntu ke ba da yunit ɗaya na wuta.

Mu ɗauki misalin masana'antar da ke casa tan 100 a rana. Za ta tara buntu tan 20. Da a ce duka aka mai da shi wuta, za a samu yunit kusan 10,000, wanda ya yi daidai da janareta mai kilowat 400 yana aiki dare da rana. Samar da wannan da dizal zai ci lita 3,000 ko kusa da haka, da iskar kabon tan 8 kowace rana. Ba duka buntun ne zai tafi wuta ba, tunda turarawa da busarwa na da nasu kason, amma lissafin ya nuna abu ɗaya: tulin da ke bayan katanga, wanda wasu ke biyan tifa ta kwashe, makamashi ne mai darajar miliyoyin naira. A farkon 2022 litar dizal ba ta kai naira 400 ba, kafin ƙarshen 2023 ta haura 1,000.

Ƙona buntu ba hayaƙi ba ne shi ma?

Hayaƙi ne, amma da bambanci. Iskar kabon da buntu ke fitarwa ita ce wadda shukar ta zuƙa daga sama a damina ko ranin da ya wuce, kuma shukar baɗi za ta sake zuƙa. Ta dizal kuwa daga ƙarƙashin ƙasa aka haƙo ta aka ƙara a kan wadda ke sama.

Kuma a dubi abin da ke faruwa da buntun in ba a yi amfani da shi ba. Wanda ya taɓa wucewa ta bayan injinan casa ya san tulin nan da ke ci a ciki-ciki. Samansa fari-fari kamar ba komai, ka tona da sanda ka tarar da jan garwashi, hayaƙi mai yaji yana bin ƙasa yana shiga gidaje har tsawon makonni, yara na tari, awaki na ƙona ƙafa. In damina ta sauka a kansa kuma ya ruɓe ya rinƙa fitar da iskar metan, wadda ta fi kabon ɗumama yanayi nesa ba kusa ba. Ƙona shi a tanderu mai matatar toka ya fi wannan sau da yawa.

Sai dai tokar na buƙatar kula. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na buntu toka yake komawa, kuma mafi yawanta silika ce, irin sinadarin da ke cikin yashi. Tana cin bututun ƙarfe, tana kuma cutar da huhun wanda ke shaƙar ta shekara da shekaru. Dole a jiƙa ta kafin a kwashe, a ba masu kwasa takunkumin kirki. Tana da kasuwa: ana gauraya ta da siminti, ana buga bulo da ita, ana zuba ta a gona.

To sola fa? Ba ta fi sauƙi ba?

Ta fi sauƙin kafawa, ta fi sauƙin kulawa, kuma rana ba abin da Kebbi ta rasa ba ne. Faranti mai kilowat ɗaya yana ba da yunit 4 zuwa 5 a yini a wannan yanki. Kilowat 500 a kan rufin rumbunan ajiya zai ba da yunit 2,000 zuwa 2,500, wato ya rage dizal lita 600 ko 700 a kowace rana. Manyan rufin kwano da masana'antu ke da su fili ne da ba a biya kuɗinsa ba, kuma farantan na rage wa rumbun zafi. An riga an ga irin wannan aiki a Arewa: Jami'ar Bayero ta Kano ta samu tashar sola mai megawat 7.1 a 2019, an kuma buɗe wata mai megawat 10 a yankin masana'antu na Challawa a farkon 2023.

Inda take gaza shi ne dare. Masana'antar da ke aiki sa'a 24 ba za ta rayu da rana kaɗai ba, kuma batirin da zai riƙe manyan injina har asuba ya fi farantan kansu tsada. Shi ya sa ba na ganin hikimar a ce ko sola ko buntu. Rana ta ɗauki nauyin yini, buntu ya ɗauki dare da aikin tururi, wutar NEPA ta shigo duk lokacin da ta samu, janareta ya koma gefe yana jiran ranar larura. Batir kuma a sayi daidai wanda zai riƙe wuta na 'yan mintuna lokacin da ake sauyawa daga wannan zuwa wancan, don kada injina su tsaya da shinkafa a cikinsu.

Ƙura da zafin Kebbi ba sa lalata farantan?

Ba sa lalatawa, amma suna rage musu ƙarfi. Mutane da yawa suna zaton zafin rana ne ke ba da wuta, alhali haske ne. Zafi ma cutarwa yake yi: duk digiri ɗaya da faranti ya haura 25, ƙarfinsa na raguwa da kusan kashi ɗaya bisa uku na kashi ɗaya cikin ɗari. A watan Afrilu, da iskar gari ta haura digiri 40, jikin farantin yana iya wuce 60. Maganin shi ne a ɗaga shi daga kwano a bar iska tana bi ta ƙarƙashi.

Ƙura ta fi damuwa, musamman a masana'antar shinkafa, inda ƙurar hunturu ke haɗuwa da garin dusa da ke tashi daga injin. Raɓar asuba ta sauka a kai, rana ta fito ta gasa, sai ya zama ɓawon da iska ba ta iya kaɗewa. Ka ja yatsa a kan gilashin ka ga layi baƙi a tsakiyar fari. Wankin da sassafe ake yi ko da yamma, da ruwa mai tsabta da burushi mai taushi, ba omo, ba tsumma mai yashi, kuma ba a watsa ruwan sanyi a kan faranti mai zafi da tsakar rana. Aikin samari biyu ne ko uku, amma sai an sa shi a jerin albashi. Inda aka bar shi a matsayin "wanda ya samu sarari ya yi", ba a yi.

Mu mata masu turara shinkafa da buntun muke hura wuta. In kamfani ya riƙe abinsa, ina za mu sa kanmu?

Wannan tambaya ta fi duk sauran nauyi, Hajiya, kuma ita ce aka fi tsallakewa a taruka. Buntu ba shara ba ne ga kowa. Mata masu turarawa a gida suna hura wuta da shi, masu kiwon kaji suna shimfiɗa shi, magina suna cakuɗa shi da ƙasa, masu tuya da masu dafa abincin sayarwa suna rage kuɗin itace da shi. Ranar da ya zama makamashin masana'anta, farashin buhu zai tashi, kuma matar da ta rasa shi itace za ta koma. Ke nan kamfani ya rage hayaƙinsa, an kuma ƙara sare bishiya a jihar da hamada ke matsowa ta arewacinta. Wannan ba ci gaba ba ne.

Abin da ya kamata shi ne kafin a sayi tukunya, a zauna da ƙungiyoyin matan da masu unguwa a san su wa ke ɗiba, buhu nawa, a wane farashi. A ware musu kaso a rubuce. Mafi kyau ma, kamfani ya taimaka da murhun buntu na zamani mai bututun hayaƙi, wanda ke cin kaɗan ya dafa da yawa, ko ya buɗe wa matan wurin turarawa a gefen masana'anta inda za su yi amfani da ragowar tururi. Kuɗin wannan bai kai na babbar mota ɗaya ba.

Doka ta yarda kamfani ya sayar wa unguwa wuta?

Ta yarda, da sharuɗɗa. Wanda zai samar wa kansa fiye da megawat ɗaya yana buƙatar izinin NERC, hukumar da ke kula da harkar lantarki ta ƙasa. Sayar wa jama'a kuma yana bin ƙa'idar ƙananan tashoshi, wadda aka fitar a 2016 aka sabunta a 2023. In wurin yana da turakun kamfanin rarraba wuta, sai an ƙulla yarjejeniya tsakanin ɓangare uku: mai samar da wutar, al'ummar wurin, da kamfanin rarrabawa. Dokar Lantarki ta 2023 ta kuma ba jihohi ikon kafa hukumarsu da kasuwarsu ta wuta, kuma Enugu, Ekiti da Ondo ne suka fara karɓar wannan iko a 2024.

A nan ne nake ganin babbar rawar kamfani take. Dalilin da ya sa ƙananan tashoshin sola ke wahala a ƙauyuka shi ne rashin babban mai saye: gidaje na kunna ƙwai da cajin waya da daddare, da rana wuta na zube ba mai sha, kuɗin da ake tarawa ba ya biyan bashi. Masana'anta kuwa tana sha da rana, tana biya a kan kari, banki ya san sunanta. In ta tsaya a matsayin uwar tasha, sai mai walda da mai niƙa da mai sayar da ƙanƙara da asibitin unguwa su rataya a jikinta a farashin da ba za su samu su kaɗai ba. Ba sadaka ake nema ba. Ciniki ne, da mita, kowa ya biya abin da ya sha.

Manomin rani me zai samu?

Shi ne ma ya fi kowa jin jiki. A fadamun Argungu, Augie, Suru da Bunza, shinkafar rani da injin ban ruwa mai fetur take rayuwa. Da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta yi ta hawa har ta haura 1,000 a ƙarshen 2024, manoma da yawa suka rage fili ko suka bar rani ɗungurungum. Famfon sola ya dace da fadama sosai, tunda ruwan ba shi da nisa kuma lokacin ban ruwa lokacin rana ne. Abin da ke hana manomi shi ne kuɗin farko.

Kamfanin da ke ba manomansa iri da taki bashi ya karɓi shanshera a kaka, zai iya yin haka da famfo, a raba biyan a kan girbi uku ko huɗu. Shi ma kansa yake yi wa, don ba shanshera ba casa.

In shanshera ta yanke fa? Wutar buntu ta tsaya ke nan?

Ta tsaya, kuma wannan haɗari ne na gaske. Ambaliyar 2020 ta shafe gonakin shinkafa masu yawan gaske a jihar nan. Dakatar da harajin shigo da wasu kayan abinci da gwamnatin tarayya ta sanar a Yulin 2024 ya karya farashi, masana'antu da dama suka rage aiki. Injin da ba ya casa ba ya fitar da buntu. Don haka kada a auna girman tashar da lokacin kaka, a auna ta da matsakaicin shekara. A gina rumfar ajiye buntu mai rufi nesa da tartsatsi, a ƙulla saye da ƙananan injinan gari. Asibitin da aka jona kuwa, a tabbatar yana kan ɓangaren sola da batir.

Ina za a samu kuɗin?

Nan ne gizo ke saƙa. Kusan duk kayan daga waje ake shigo da su, darajar naira ta faɗi tun Yunin 2023, kuɗin ruwan da Babban Banki ya tsayar ya kai kashi 27.5 a ƙarshen 2024, na bankunan kasuwanci ya fi haka. Mai masana'anta da kuɗinsa ke ɗaure a sayen shanshera ba zai so ya zuba shi a rufi ba.

Akwai kamfanonin da ke kafa sola da kuɗinsu su rinƙa sayar wa masana'anta wuta yunit-yunit na shekara goma ko sha biyar, irin su Daystar Power da Starsight. Akwai bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa, irin su Jaiz da TAJ, masu tsarin murabaha da ijara, wanda ya fi kwanta wa 'yan kasuwarmu da yawa a rai. Ga ɓangaren jona al'umma kuma, Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 a Disambar 2023 don shirin DARES, wanda Hukumar Samar da Wuta a Karkara ke gudanarwa. Kafin duk wannan, akwai aikin da ba ya cin kuɗi sosai: toshe bututun da tururi ke tsiyaya, naɗe su da abin riƙe zafi, sauya tsofaffin motocin juya injina masu shan wuta, daina kunna ƙaton janareta don ofis da ƙwan tsaro.

Idan batir ya mutu, ina za a kai shi?

Ba bola ba, ba kuma hannun yaran da ke fasa shi a bayan gida ba. Batirin ruwa da ya fi yawa a kasuwa dalma ce a cikinsa, kuma a zafin nan shekara biyu zuwa huɗu yake yi. Maƙwabtanmu na Zamfara sun san abin da dalma ke yi: a 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, yara fiye da 400 suka rasu saboda ƙurar dalma daga duwatsun zinare da ake daka a cikin gidaje, wasu da yawa suka tashi da naƙasa. Dalmar batir ita ce dai wannan dalmar. Batirin lithium ya fi daɗewa, yana kai shekara goma, amma yana son ɗaki mai sanyi da tsarin kashe gobara. Kowanne aka saya, a rubuta a takardar ciniki cewa mai sayarwa zai karɓi matacce.

Me zai hana a jira bututun iskar gas?

Bututun AKK mai kilomita 614 ya taso daga Ajaokuta ya bi Abuja da Kaduna ya nufi Kano. Bai biyo ta Kebbi ba. Gas ya fi dizal tsabta, ana kuma iya kawo shi a tanka, amma sai an sayo, an biya mota, an bi dogon titi. Buntu da rana a ƙofar gida suke.

Hayaƙin Najeriya kaɗan ne a duniya. Don me za mu ɗora wa kanmu?

Gaskiya ne, bai kai kashi 1 cikin 100 ba, kuma manyan ƙasashen da suka ƙona kwal shekara fiye da ɗari su ne da babban alhaki. Najeriya ta yi alkawari a taron sauyin yanayi na duniya da aka yi a Glasgow a 2021 cewa nan da 2060 hayaƙin da take fitarwa ba zai wuce wanda ake shanyewa ba, ta kuma kafa dokar sauyin yanayi a shekarar. Amma ba don Glasgow mai injin Jega zai sauya ba. Zai sauya ne don dizal na cinye ribarsa, don shinkafarsa ta iya gogayya da ta waje, don kada abin da ya sami masaƙun Kaduna da Kano da Gusau, waɗanda tsadar wuta ke cikin abubuwan da suka durƙusar da su, ya same shi. Mu ne kuma ke zaune a bakin gulbi, mu ruwa ke ci in ya yi yawa, mu fari ke kamawa in ya yi ƙaranci.

Ta yaya za a gane kamfani da gaske yake, ba hoto kawai ba?

Kada a ƙirga faranti, a tambayi dizal. Lita nawa ake ƙonawa kafin a casa tan ɗaya bara, nawa bana? Wannan adadi yana cikin littafin kowane ma'ajin kamfani, kuma ba ya ɓoyuwa. A duba ko tankokin mai sun rage zuwa. A leƙa bayan katanga a ga ko tulin buntu na ci har yanzu, da inda ake zubar da toka da ruwan jiƙo. A tambayi matan unguwa nawa suke sayen buhu yanzu.

A tambayi kuma wa ke gyara. In inbata, wato na'urar da ke juya wutar sola zuwa irin wadda injina ke sha, ta tsaya sai an jira injiniya daga Legas ko daga Indiya, aikin bai zauna ba tukuna. Akwai Kwalejin Fasaha ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi, akwai Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta jiha a Aliero, ɗalibansu na neman wurin koyon aiki kowace shekara. Kamfanin da ya ɗauki biyar daga cikinsu tun ranar da aka fara haƙa ramin tushe, ya sa a yarjejeniyarsa da ɗan kwangila cewa sai an koya musu haɗawa da kwancewa, an kuma bar takardun zane da kayan gyara na shekara biyu a sito kafin a biya kason ƙarshe na kuɗin kwangila, shi ne wanda injinsa zai ci gaba da juyawa bayan baƙin sun tafi.